Kada Mu Yi Musu Kuɗin Goro

Karatu: Farawa 20:1-18 da Luka 9:51-56

Wanda yake da Littafi Mai Tsarki a kusa, ya buɗe Farawa sura 20 ya sa yatsa a wurin. Za mu komo kanta, amma tukuna bari in gaya muku abin da ya kawo wannan magana.

Wata uwa ce ta aiko mini da wasiƙa daga wani ƙauye a gefen Paiko. Gwauruwa ce, jikarta ce ta rubuta mata. Ta ce ƙanen mijinta Musulmi ne, uwa ɗaya uba ɗaya da marigayin, katanga ce kawai ta raba gidajensu. Tun da mijin ya rasu, wannan ƙane shi ne yake turo yaransa su taya ta noman doya, shi ne kuma ya biya wa autarta kuɗin jarrabawa. Da Babbar Salla ya aiko da nama kamar yadda ya saba kowace shekara. Sai babban ɗanta ya tare yarinyar da aka aiko a bakin ƙofa, ya ce ta koma da kwanon. Ya ce wa uwarsa addinin mutanen nan na kisa ne, wanda ka ga yana yi maka fara'a a cikinsu, ranarsa ce ba ta zo ba. Yanzu wata biyu ke nan ba gaisuwa tsakanin gidajen biyu. Ta ce, "Malam, ni ban yi makaranta ba. Ka gaya mini, gaskiya yaron nan ya faɗa? In gaskiya ne, ashe shekara 30 ina kwana kusa da maciji ban sani ba."

Mama, na gode da wasiƙarki. Ki lura, ba maganar ko ya kamata Kirista ya ci naman layya muke yi a yau ba. Wannan wata magana ce daban, kowa ya bi lamirinsa a kanta. Damuwata ita ce dalilin da ɗanki ya bayar, gama da wannan dalili ya rufe wa ƙanen ubansa ƙofa.

Ba zan fara da tsawata masa ba, domin na san abin da idonsa ya gani. Ran Kirsimeti na 2011, jama'a suna fitowa daga sujada a majami'ar St. Theresa ta Madalla, kusa da Suleja, bom ya tashi, fiye da mutum 30 suka mutu, 'yan Boko Haram kuma suka ce su ne. Limamin da yake kula da wannan majami'a a lokacin, Fada Isaac Achi, ya tsira a ranar. Shekara 11 bayan haka, ran 15 ga Janairu 2023, 'yan bindiga suka cinna wa gidansa wuta a Kafin Koro, ya ƙone a ciki. Kafin Koro ba nisa da ƙauyen wannan uwa. Deborah Samuel, wadda aka jefe aka ƙone a kwalejin Shehu Shagari ta Sakkwato a watan Mayu 2022, 'yarmu ce ta Tungan Magajiya, can aka kai ta aka binne. A Nuwamba 2025 aka kwashe yara fiye da 200 daga makarantar St. Mary ta Papiri, iyaye suka yi makonni ba barci kafin a sako su.

Tsoron nan ma ya girme mu. Kakanninmu, Gbagyi da Kambari da Dukawa da Kamuku, ba don sha'awar hawa suka gina gidaje a kan duwatsu ba. Mahaya dawaki masu kamun bayi ne suka kora su can, tun zamanin Umaru Nagwamatse na Kontagora har zuwa ɗansa Ibrahim, wanda Turawa suka ci garinsa a 1901. Kakata ta sha nuna mini kufan da aka haifi uwarta a bisa dutse. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Saboda haka duk wanda zai ce wa ɗanki tsoronsa na banza ne, bai yi masa adalci ba.

Yanzu mu koma wurin da muka sa yatsa. Ibrahim ya yi ƙaura, ya sauka a Gerar, ƙasar wani sarki mai suna Abimelek. Baƙo ne, ba danginsa a wurin, mutanen kuma ba addininsu ɗaya da shi ba. Sai ya ce wa jama'a Saratu 'yar'uwarsa ce. Sarki ya aika aka ɗauko ta. Da dare Allah ya yi wa Abimelek magana a mafarki, ya gargaɗe shi cewa matar wani ce. Abimelek ya kare kansa, ya ce da zuciya ɗaya ya yi abin, ba da sanin tana da miji ba. Ku duba aya ta 6 da kyau: Allah da kansa ya amince da wannan shaida. Da gari ya waye sarki ya tara fadawansa ya faɗa musu, tsoro kuwa ya kama su ƙwarai. Sa'an nan ya kira Ibrahim ya yi masa wata tambaya da nake so kowa ya riƙe. Ya tambaye shi abin da ya gani a wurinsu har ya yi musu haka.

Me Ibrahim ya gani? Bai ga kome ba. Amsar da ya bayar ita ce ya zaci babu mai tsoron Allah a garin, ya kuma zaci za su kashe shi saboda matarsa. Zato ne kawai. Tun kafin ya sauke kayansa ya riga ya yanke wa gari guda hukunci. Ku ga abin da wannan zato ya jawo. Mutumin Allah ya yi ƙarya. Ya jefa matarsa cikin hatsarin da ya fi wanda yake gudu. Ya jawo wa gidan da bai yi masa laifi ba masifa, har matan gidan suka daina haihuwa. A wannan sura, uban masu bangaskiya ne ya sunkuyar da kai, baƙon addini kuma shi ne ya yi abin kirki: ya mayar da Saratu, ya haɗa da tumaki da shanu da azurfa 1,000, ya ce wa Ibrahim ya zauna inda ya ga dama a ƙasar.

Ba a nan labarin ya tsaya ba. A sura 21, bayin Abimelek suka ƙwace wa Ibrahim rijiya. Wannan karon laifi ne na gaske, ba zato ba. Ibrahim bai yi shiru ba, bai kuma tara mutane ya je ya ƙone Gerar ba. Ya fuskanci sarki ya faɗa masa a fili. Abimelek ya ce bai taɓa jin labarin ba sai a ranar. Suka yi alkawari a Biyer-sheba, rijiya ta zama ta mai ita. A gari ɗaya aka sami masu ƙwacen rijiya da sarki mai gaskiya. Da Ibrahim ya yi musu kuɗin goro, da ya rasa rijiyar, ya rasa maƙwabcin.

To, mu zo kan tambayar Mama kai tsaye. Musulunci addinin tashin hankali ne?

Gaskiya ne a cikin Alƙur'ani akwai ayoyin da suke maganar yaƙi. Gaskiya ne kuma Annabi Muhammadu ya jagoranci yaƙe-yaƙe, kamar na Badar a shekara ta 624 da na Uhudu a bayansa. Musulmi ba su ɓoye wannan, a makarantun Islamiyya ake koya wa yara shi. A nan akwai bambanci babba da Ubangijinmu Yesu, wanda bai taɓa tara runduna ba, ya kuma hana Bitrus amfani da takobi a daren da aka kama shi. Ba zan rufe wannan bambanci don in faranta wa wani rai ba. 'Yan Boko Haram da waɗannan ayoyi suke kafa hujja. Amma yawancin malaman Musulunci, a ƙasar nan da sauran duniya, cewa suke yi ayoyin sun shafi yaƙe-yaƙen wancan zamani ne, bayan an kori Musulmi daga Makka. Suna cewa hukuma ce kaɗai take da ikon shelar yaƙi, ba kowane mai bindiga ba, ko a fagen yaƙi ma an hana kashe mata da yara da masu ibada a ɗakunan ibadarsu. Suna nuna ayar da ta hana a tilasta wa mutum shiga addini. Suna kuma ba da labarin Musulmi na farko, da tsanani ya ishe su a Makka suka gudu Habasha, wani sarki Kirista ya ba su mafaka.

Wani zai ce, ai za su faɗi haka mana. To, bari in tambaye ka. In wani ya buɗe Joshuwa sura 6 ya karanta abin da aka yi wa mutanen Yariko, ya rufe littafin, ya ce ga addinin Kirista nan, me za ka ce masa? Za ka ce ya ci gaba da karatu har ya kai gicciye, a nan zai ga yadda muke fahimtar sauran. In muna so a bar mu mu fassara littafinmu da bakinmu, adalci ne mu saurari yadda su ma suke fassara nasu, mu kuma duba ko aikinsu ya bi bakinsu.

Musulmi a duniya sun kusa biliyan 2. Da dukansu abin da Shekau ya koyar suke bi, da ba wanda zai kwana a Minna. Ƙasar Senegal, wadda fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanenta Musulmi ne, shugabanta na farko Kirista ne ɗan Katolika, Leopold Senghor, ya yi mulki daga 1960 zuwa 1980. Mu kuma duba su wa masu bindigar nan suka kashe. Sheikh Albani na Zariya ya yi wa'azi a kan Boko Haram, suka harbe shi da matarsa da ɗansa a Fabrairu 2014. A watan Mayu na shekarar suka kashe Sarkin Gwoza a kan hanya. A Nuwamba suka tayar da bom a babban masallacin Kano ran Jumma'a, fiye da mutum 100 suka mutu. A jiharmu, a 2021, yara fiye da 100 aka kwashe daga Islamiyyar Tegina, waɗansu ƙanana ƙwarai, suka yi kusan wata uku a daji. A Oktoba na wannan shekara 'yan bindiga suka shiga masallacin Mazakuka ta Mashegu da asuba suka harbe masallata 18. Uwar da ke Tegina da uwar da ke Papiri, kuka iri ɗaya suka yi.

Akwai wani abu da ba zan tsallake ba, don kada a ce na yi wa gaskiya kwaskwarima. Waɗanda suka kashe Deborah ba daga daji suka fito ba. 'Yan makaranta ne, da rana tsaka, da sunan kare addini. Mutane da yawa suka yaba musu, har da waɗansu masu wa'azi. Sarkin Musulmi, Sa'ad Abubakar, ya yi tir da kisan, ya ce a hukunta masu laifi, amma mutum biyun da aka kai kotu an sallame su daga baya. Wannan ciwo ne a cikin gidan Musulmi, muna kuwa da haƙƙin faɗa musu shi a fili, kamar yadda Ibrahim ya yi maganar rijiya. Musulmin da ya yi shiru a kan irin wannan, shi ma yana da tambayar da zai amsa.

Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A Yelwa ta Shendam, a Fabrairu 2004, an kashe Kirista da dama, yawancinsu a harabar majami'a. A watan Mayu aka koma ramuwa, aka kashe Musulmi ɗaruruwa, har da mata da yara, masu kisan kuwa sunayen Baibul ne da su. Bayan kwana kaɗan aka huce a kan Kiristan Kano waɗanda ba su ma san inda Yelwa take ba. A Ruwanda, ƙasar da yawancin mutanenta Kirista ne, an kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana 100 a 1994. Da yawa a cikin majami'u aka yanka su, kotun duniya kuma ta sami wani fada da wani fasto da hannu a ciki. Joseph Kony na Uganda ya yi shekaru yana satar yara yana yanke wa mutane leɓe, yana cewa da Dokoki Goma zai yi mulki. In wani Musulmi ya ce mini Kony shi ne fuskar Kiristanci, ni da nake wa'azin salama kuma ranata ce ba ta zo ba, zan ce ya yi mini ƙazafi. Ɗan'uwana, abin da ka faɗa a kan ƙanen ubanka ke nan.

Yanzu ga maganar da ta fi damun Mama: mai fara'a a cikinsu, da gaske yake ko jira yake yi?

Ran 23 ga Yuni 2018, mahara suka auka wa ƙauyukan Barkin Ladi a Jihar Filato. Mutane suka gudo ƙauyen Nghar Yelwa, yawancinsu Kirista ne, Berom. Limamin ƙauyen, Malam Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara 83 a lokacin, ya buɗe musu ƙofa. Ya sa mata a gidansa, maza a masallaci, mutum 262. Da maharan suka iso suka ce ya fito da su, ya ƙi. Suka yi barazanar ƙone masallacin da gidan. Tsohon nan ya faɗi ƙasa a gabansu yana roƙo yana kuka, har suka juya suka tafi. Da aka tambaye shi dalili daga baya, ɗaya daga cikin abin da ya ambata shi ne filin da masallacin yake a kai, Kiristan wurin ne suka ba su kyauta fiye da shekara 40 da suka wuce. Ku ji fa. Waɗanda suka ba da filin ba su san masallacin zai zama mafakar jikokinsu ba.

Idan ranar da ɗanki yake magana a kai akwai ta, to, ga limamin nan ta zo. Ba soja a wurin, ba ɗan sanda, ba wanda zai kama shi in ya buɗe ƙofa ya koma gefe. Mai yin fara'ar ƙarya ba ya kwanciya a gaban bindiga saboda kai. A nan Minna ma, a Janairu 2012, makonni kaɗan bayan Madalla, waɗansu samari Musulmi suka fito ran Lahadi suka tsaya gadi a ƙofofin majami'u har aka tashi daga sujada. A wannan wata kuma, lokacin zanga-zangar kuɗin man fetur, Kirista suka kewaye Musulmi a waɗansu garuruwa suna tsaronsu har suka idar da salla. Ba na cewa kowane Musulmi kamar limamin Nghar yake ba, kamar yadda ba kowane mai zuwa sujada zan ba ajiyar kuɗin baiko ba. Cewa nake yi mutum da aikinsa ake saninsa, shekara 30 kuwa sun isa a san aikin mutum.

Mu duba karatunmu na biyu. Yesu yana kan hanyar Urushalima, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓarsa. Tsakanin Yahudawa da Samariyawa akwai tsohuwar gaba ta addini, kowa yana ganin ɗayan ɓatacce ne. Yakubu da Yahaya suka husata, suka nemi izni su kira wuta daga sama ta cinye ƙauyen duka. An yi musu laifi da gaske, amma wutar da suka nema ba za ta tambayi wa ya rufe ƙofa wa yake gona ba. Yesu ya juya ya tsawata musu. A sura ta gaba kuma, da ya tashi ba da misalin wanda ya nuna jinƙai a hanyar Yariko, sai ya zaɓi Basamariye. Ina tsammani Yakubu da Yahaya sun ji wannan misali a jikinsu fiye da kowa. Bai ce koyarwar Samariyawa daidai ce ba. A bakin rijiya ya gaya wa matar nan ta Samariya inda suka kuskure. Ni ma ban ce hanyarmu ɗaya da Musulmi ba. Mun sha bamban a kan ko wane ne Yesu, da gicciye, da tashinsa, zan kuwa ci gaba da shelar bishara muddin raina. Amma doka ta tara, wadda ta hana shaidar zur a kan maƙwabci, ba ta ce sai maƙwabci Kirista ba. Wa kuma zai saurari bishara daga bakin wanda ya kira shi mai kisa alhali bai kashe kowa ba?

Akwai ɗan'uwanmu Bagbagyi da ya bi wannan hanya kafin ɗanki. Fasto James Wuye na Kaduna shugaban samari ne masu faɗa a dā, a rikicin 1992 aka sare masa hannun dama. A ɗaya gefen akwai Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu a rikicin. Suka haɗu a 1995, suka fara aikin sulhu tare. Wuye da bakinsa ya faɗa cewa ya yi shekaru suna tafiya tare yana jin kamar ya kashe shi a barci. Abin bai fita zuciyarsa rana ɗaya ba. Su biyun ne daga baya suka taimaka aka zaunar da mutanen Yelwa da Shendam har suka sa hannu a kan sulhu a 2005. Wanda ya ba da hannu guda yana da ikon magana a kan wannan fiye da ni.

Kada wani ya kashe rediyo ya ce mai bishara ya ce a daina gadi. A ci gaba da tsaron ƙofar majami'a, a ci gaba da lura da baƙuwar fuska, a kai rahoto inda ya kamata. In an zalunce mu a wajen fili ko aiki ko makarantar yara, dattawan ikkilisiya su je su faɗa, da suna da rana da wuri. Da yawa daga cikin labarin da yake ceton ƙauye, cewa an ga babura a daji kaza, daga bakin maƙwabci Musulmi yake fitowa, in dai akwai gaisuwa a tsakani.

Mama, ba maciji kike kwana kusa da shi ba. Ƙanen mijinki ne, wanda ya riƙe zumuncin ɗan'uwansa bayan ƙasa ta rufe shi. Kai kuma ɗan'uwana, in kana ji na, tambayar Abimelek nake yi maka: me ka gani a wurin baban nan naka? In ka ga wani abu, ka faɗa wa dattawa a bincika. In ba ka ga kome ba, sabuwar doya ta kusa fitowa, gonar kuma da gumin yaransa a ciki. Ka zaɓi manya guda biyar, ka ɗauka da kanka, kada ka aiki yarinya. Ka durƙusa ka gaishe shi da harshenku na gida, wanda shi da ubanka suka sha a nono ɗaya. In abin ya yi maka nauyi, ka roƙi dattijo ɗaya na ikkilisiya ya raka ka. Mama, ki sa jikarki ta sake rubuto mini yadda aka yi.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu buɗe Farawa sura 25, inda Ishaku da Isma'ilu suka haɗu a bakin kabarin ubansu. Ku karanta ta a gida kafin lokacin. Sai mun sake saduwa.